Ɗigon da Ke Canza Launi Idan Jariri Ya Yi Sanyi

Duk wanda wayarsa ta taɓa faɗuwa a cunkoson Kasuwar Santiral ta Duwala, ya ɗago ta ya ga wani baƙin abu ya malale a cikin gilashin, ya riga ya yi ido huɗu da abin da masana ke kira kiristal mai ruwa-ruwa. Masu gyaran waya a unguwar New Bell sukan ce sikirin ya zubar da tawada. Wannan sinadari yana da wani aikin da ya fi haska hoto: yana gane zafi da sanyi, kuma da launi yake ba da labari.

An gano shi a 1888, lokacin da Friedrich Reinitzer, masanin tsirrai a birnin Prag, yake dafa wani sinadari dangin kolestarol. Da zafi ya kai digiri 145 sai ya narke ya zama ruwa mai gurɓi, bai washe ba sai wajen digiri 178. A tsakanin nan abin yana kwarara, amma ƙwayoyinsa na jere bisa tsari irin na daskararren abu. Bajamushe Otto Lehmann ne ya bi diddigin lamarin ya raɗa masa suna.

A wani nau'insa, ƙwayoyin suna hawa kan juna suna murɗewa kamar matakalar hasumiyar masallaci. Tsawon zagaye guda na murɗin shi ke zaɓen launin da zai dawo wa ido. Idan ɗumi ya ƙaru murɗin yakan tsuke, launi ya tashi daga ja zuwa kore zuwa shuɗi. Idan zafin ya fita daga iyakar da aka haɗa sinadarin dominta, haske ya wuce kawai, sai a ga baƙin fentin da ke ƙarƙashi. Babu batir, babu wayar lantarki, kuma da zafin ya koma daidai launin ya dawo.

A nan ne maganar ta shafi mai jego. Duwala gari ne na gumi, don haka da wuya uwa ta kawo a ranta cewa sanyi zai yi wa ɗanta illa. Amma ruwan da ke zuba a garin yakan haura milimita 3,500 a shekara, kuma a Yuli da Agusta ɗaki kan kwana da laima. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi. Wanka ɗaya da aka daɗe ana yi, ko jiƙaƙƙen zane, ya isa ya sauke zafin jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jariri ya tsaya tsakanin digiri 36.5 da 37.5, ta kuma ba da shawarar a jinkirta wankan farko har awa 24, shawarar da kakanni ba kasafai suke maraba da ita ba.

Saboda irin wannan aka ƙera ThermoSpot a Ingila, wani ɗan faifai mai faɗin milimita 12 da ake manna wa jariri kusa da hamata. Muddin jikinsa na da ɗumi, faifan kore ne, da fuska mai murmushi a kai. Idan zafi ya sauka ƙasa da digiri 35.5 sai ya koma baƙi ƙirin. An gwada shi a Malawi da Indiya da Nepal. Uwar da ba ta taɓa riƙe ma'aunin zafi ba tana iya duba shi da fitilar waya cikin dare, ta san lokacin ɗora yaro a ƙirji ya yi. Wannan ɗorawa fata da fata, wato salon kangaru da aka fara a Bogota a 1978, Asibitin Laquintinie na Duwala ya yi suna wajen koyar da shi. Ga matar da aka sallama ta koma gida a unguwar Hausawa, inda babu nas a kusa, ɗigo irin wannan zai yi rana.

Sai dai a yi hattara da ɗan'uwansa, siririn tef ɗin da ake ɗora wa yaro a goshi don auna zazzaɓi. Zafin fata yake karantawa, fata kuwa gumi da iskar fanka suna sanyaya ta, shi ya sa bincike ya sha nuna yana kuskure zazzaɓi na gaske. A garin da cizon sauro ya zama ruwan dare, jikin yaro in ya yi zafi gwajin jini yake bukata. Hasken rana da laima kuma suna lalata sinadarin idan ajiya ta yi tsawo.

Masana sun wuce batun zafi. A 2001 Nicholas Abbott da Rahul Shah na Jami'ar Wisconsin a Amurka sun nuna cewa siririn shafe na wannan sinadari yana sauya kamanni idan tururin guba dangin maganin ƙwari ya taɓa shi. Yanzu ana neman yin irinsa don gano ƙwayoyin cuta da gurɓatar ruwa, ko da yake akasarin aikin yana ɗakin gwaji tukuna.