Tafiyar Kabon Cikin Ƙarfe a Wutar Maƙera

Wanda ya tsaya a Ƙofar Nassarawa zai ga ƙarfe iri biyu suna aiki: rodin da ke cikin kankaren gadar sama, da sifirin da ke ƙarƙashin manyan motoci. Maƙerin Kano yana ƙera gatari da sifirin, amma ba ya yarda da rodi. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana dalilin haka, da abin da wuta ke yi wa cikin ƙarfen.

An daɗe ana wannan sana'a a nan, domin binciken masana ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7. Bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, sannu a hankali tsofaffin ƙarafa suka maye gurbin tama, watau maƙeri ya koma sarrafa ƙarfen da wani ya riga ya haɗa.

Rodi yana da kabon kimanin kashi 0.2 cikin ɗari. Sifirin kuwa yana da wajen kashi 0.6, tare da manganis da silikon ko kuromiyam. Ƙwayar kabon ƙanƙanuwa ce, saboda haka takan kurɗa ta tsakanin ƙwayoyin ƙarfe. Ƙarfe mai sanyi ba ya narkar da ita sai kaɗan ƙwarai. Amma idan zafi ya haura digiri 727, sai jerin ƙwayoyin ya fara sakewa zuwa wani tsari da ake kira ostinait, wanda ke iya ɗaukar kabon har kashi 2 cikin ɗari a zafi mai tsanani. A nan ne kabon ke bazuwa, daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi ƙaranci, bisa ƙa'idar da Adolf Fick ya kafa a 1855.

Sai dai tafiyar ba ta sauri. Idan aka binne ƙarfe cikin gawayi a rufe, a zafin digiri 925, sai an yi 'yan sa'o'i kabon zai ratsa milimita 1. Mai son ninka zurfin nan sau biyu kuwa, sai ya ninka lokacin sau huɗu. 'Yan mintocin da rodi zai yi cikin gawayin ƙirya ba za su mai da shi ƙarfen gatari ba.

Abin da ba a cika lura da shi ba, a ganinmu, shi ne hanyar da kabon ke shiga ita ce yake fita. In aka matsa wa zuga-zugi, iska ta yi yawa, sai ta cinye kabon da ke fatar ƙarfen, na ciki kuma ya biyo baya. Bakin gatari siriri ne, shi ke fara yin hasara. Sai a ba shi ruwa yadda ya kamata, amma manomi ya kai shi daji ya lanƙwashe.

Manganis da kuromiyam ba haka suke ba. Ƙwayoyinsu sun yi kusan girman na ƙarfe, ba su motsawa sai gurbi ya samu, don haka tafiyarsu ta fi ta kabon jinkiri sau dubbai. Maƙeri ba ya iya ƙara su ko rage su. Amfaninsu gare shi shi ne suna jinkirta rabuwar kabon lokacin sanyaya, har tauri ya kai can ciki.

Tsoma jan ƙarfe cikin ruwa yana hana kabon tafiya gaba ɗaya, ya maƙale a inda yake, ƙarfen ya yi tauri amma mai saurin karyewa. Shi ya sa ake sake ɗumama shi zuwa digiri 200 ko 300, kabon ya ɗan motsa. Maƙeri ba shi da ma'aunin zafi a nan, launin bakin ƙarfen yake duba: daga ruwan kara, zuwa ja-ja, zuwa shuɗi.