Abin Da Ke Gudana A Uwar Garke Kafin Shagon Intanet Ya Buɗe Ƙofa

Ɗan kasuwar da ya biya aka gina masa shagon intanet yakan tsaya ga kyawun shafin da yake gani a wayarsa, alhali kuwa akasarin aikin a wata kwamfuta mai nisa ake yin sa, wato uwar garke. A can ne ake lissafin farashi, a rage adadin kaya, a tabbatar da shigowar kuɗi.

Ba safai masu rubuta manhaja ke soma wannan gini daga tushe ba. Sukan ɗauki ƙwarangwal ɗin da aka riga aka tanada, kamar Django, wanda aka ƙago a ofishin wata jarida a garin Lawrence na Amurka, aka sake shi kyauta a 2005, kuma a kansa aka gina Instagram.

Da zarar an kunna uwar garke, Django yakan bi matakai daki-daki. Da farko yakan karanta kundin saituna, inda aka rubuta adireshin rumbun bayanai, da mabuɗin sirri, da jerin sassan manhajar, misali sashen rajistar masu saye, da na kaya, da na biyan kuɗi. Sa'an nan ya ɗauko sassan bisa jerin da aka rubuta su, ya yi rajistar fasalin bayanan kowane ɗaya, kana ya ba kowanne dama ya kammala shirinsa. Sai bayan haka ake soma karɓar baƙi. Idan wani sashe ya yi riga-malam-masallaci, ya nemi abin da ba a kai ga ɗaukowa ba, manhajar takan ƙi tashi ɗungurum. Wannan tsauri alheri ne ga mai shago, domin gara a rasa cinikin sa'a guda da a wuni ana rubuta lissafin da ba daidai ba.

Cikin saitunan akwai wani maɓalli mai suna DEBUG, na lokacin gwaji. In aka mance shi a kunne, duk sa'ad da aka sami kuskure manhajar za ta baje bayananta na cikin gida ga kowane baƙo. Ya kamata mai shago ya nemi tabbacin an kashe shi kafin ya biya cikon kuɗin aiki.

Haɗarin yakan ƙaru idan kwamfutocin suna da yawa. Ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannayen jari na Knight Capital a Amurka ya soma aiki da sabuwar manhaja da aka ɗora wa uwar garke bakwai cikin takwas. Ta takwas ɗin ta tayar da wani tsohon sashe da aka daina amfani da shi, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi hasarar sama da dala miliyan 400, kuma a 2013 ya haɗe da kamfanin Getco.