Ingila: awon jini ya sa aka hukunta direbobi 41 bisa kuskure

Shaidar zur ta fi wuƙa kaifi. A ƙasar Ingila, shaidar da ta kai wasu direbobi ƙasa takarda ce mai hatimi, wadda ta fito daga ɗakin binciken jini, kuma alƙalai suka karɓe ta ba tare da gardama ba.

Mafarin zancen wata doka ce da ta fara aiki ran 2 ga watan Maris na shekarar 2015 a Ingila da yankin Wels. Kafin wannan rana, sai ƴan sanda sun tabbatar wa kotu cewa ƙwaya ta gusar da hankalin direba har ya kasa tuƙi. Sabuwar doka ta sauƙaƙa masu aiki: an ƙayyade adadin wasu ƙwayoyi da bai kamata jinin mai tuƙi ya wuce ba. Ga sinadarin tabar wiwi, iyakar mikrogram 2 ce cikin lita guda ta jini, ga hodar iblis kuma 10. Mikrogram kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram. Wanda ya haura iyakar ya yi laifi, ko da tuƙinsa ba shi da aibi. Hukuncinsa: a karɓe masa permi aƙalla wata 12, a ci shi tara, har ana iya kai shi gidan kaso tsawon wata 6.

Ke nan, shari'ar duka ta rataya ga mai awo. To, tun shekarar 2012 gwamnatin Birtaniya ta rufe hukumarta ta binciken kimiyya don kotuna, aikin ya koma hannun kamfanoni masu zaman kansu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Randox Testing Services, mai ɗakin bincike a birnin Mancesta.

A farkon 2017 kamfanin da kansa ya sanar da hukuma cewa ya gano an taɓa wasu alƙaluma a ɗakin nasa. Duk ɗan kasuwa zai fahimci inda matsalar take. Kafin a auna gyaɗa, akan ɗora dutsen kilo guda bisa sikeli don a ga ko yana faɗin gaskiya. Haka na'urar awon jini take: ana jarraba ta da ruwan da aka riga aka san abin da ke cikinsa. Alƙaluman wannan jarrabawa ne ake zargin an sauya. Jinin mutane ba a taɓa shi ba, amma babu mai iya rantsuwa bisa sakamakon da aka kai kotu.

Da farko an ambaci shari'o'i 484. Kafin ƙarshen shekarar, adadin ya zarce dubu 10, a rundunonin ƴan sanda 42, kuma kusan kashi uku cikin huɗu sun shafi tuƙi ne. An kama ma'aikata biyu a watan Fabrairu na 2017.

Abin da ya ceci mutane shi ne sauran jinin da aka adana. An sake auna shi a wasu ɗakunan bincike. A watan Disamba na 2018 majalisar shugabannin ƴan sanda ta bayyana cewa kotuna sun soke hukunci 41 na tuƙi cikin maye, an kuma janye tuhuma kusan 50 da ba a kai ga yanke masu hukunci ba. Sai dai wani jinin ya lalace saboda daɗewa, wani kuma bai kai yawan da za a sake awo ba. A irin wannan hali ba a iya tabbatar da laifin kowa, ba a kuma iya wanke shi sarai.

Alƙali na iya soke hukunci, amma ba ya iya mayar wa direba shekarar da ya yi zaune ba permi, ba sana'a, maƙwabta na kallonsa a matsayin ɗan ƙwaya. Duk ƙasar da ke shirin kafa irin wannan doka, don maganin haɗurran hanya, wajibi ne ta fara tanadar wanda zai binciki mai awo, ta ajiye rabin jinin kowane wanda ake tuhuma, ta kuma ba lauyansa ikon neman awo na biyu kafin alƙali ya buga guduma.