BABI NA UKU: HAƊA TASKAR MANHAJA DAGA TUSHE DA MATSAYIN BAƘAƘEN HAUSA A CIKINTA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan baƙaƙen Hausa masu lanƙwasa, da dabarun da ake yi wajen buga su a shagunan kwamfuta na Arkilla da sauran unguwannin Sakkwato, kamar sanya v da x da q a madadin ɓ da ɗ da ƙ. Wannan babi kuwa zai dubi yadda ake haɗa taskar manhaja daga tushe, da gwada ta, da ƙunshe ta. An ɗauki taskar ICU a matsayin misali, domin tana cikin waɗanda jeranta kalmomin Hausa a kwamfuta ya dogara a kansu.

3.1 Ma'anar Taskar Manhaja

Taskar manhaja tarin umurce-umurce ne da aka rubuta aka adana domin sauran manhajoji su riƙa ɗiba, tamkar rijiyar unguwa wadda ta hutar da kowane gida haƙa tasa. Idan aka yarje wa kowa ya karanta tushen rubutunta, ya gyara, ya raba, to ita ake kira buɗaɗɗiyar taska. Kamfanin IBM ya buɗe ICU ga jama'a a shekarar 1999, sannan a 2016 kulawa da ita ta koma hannun ƙungiyar Unicode. Wayoyin Android da manhajar Chrome duk suna amfani da ita.

Kwamfuta da lamba take gane harafi. A tsarin Unicode lambar k ita ce 107, ta z 122, ta ƙ kuwa 409. Saboda haka idan aka jera kalmomi bisa lamba kawai, "ƙasa" za ta faɗo bayan "zuma". Taskar ICU ce ke ɗauke da ƙa'idar da ke mayar da ƙ bayan k, da sh bayan s, da ts bayan t, kamar yadda abacadan Hausa ya tanada.

3.2 Haɗawa

Tushen rubutun ICU yana cikin harsunan kwamfuta na C da C++, waɗanda mutum ke iya karantawa amma na'ura ba ta aiki da su kai tsaye. Bayan an sauko da shi daga dandalin GitHub, sai a ba da umurnin configure, wanda ke bincika ko kwamfutar na da kayan aikin da ake buƙata. Daga nan umurnin make zai kira manhajar juyi, irin su GCC wadda Richard Stallman ya fara fitarwa a 1987, ta juya rubutun zuwa harshen na'ura. A wannan mataki ne ake shigar da bayanan harsuna, har da na Hausa, waɗanda suka samo asali daga rumbun CLDR na Unicode.

3.3 Gwaji

Umurnin make check shi ke tafiyar da gwaje-gwajen da aka rubuta tun da farko. Kowane gwaji yana ba taskar wani aiki, ya kwatanta abin da ta fitar da amsar da aka tanada. Idan suka saɓa, sai ya nuna wurin matsalar.

Sai dai gwaji ba ya wuce abin da aka tambaye shi. Idan aka shigar da ƙa'idar harshe a karkace, aka kuma rubuta amsar gwaji bisa wannan karkata, taskar za ta ci jarrabawa alhali tana kan kuskure. A nan ne aikin manazarcin Hausa ya shigo. Shi ya san "suna" na gaba da "shanu", "tuwo" na gaba da "tsamiya", kuma 'y ta Nijeriya da ƴ ta Nijar baƙi ɗaya ne.

3.4 Ƙunshewa

Bayan gwaji sai a ƙunshe taskar yadda mai amfani zai girka ta ba tare da ya maimaita wahalar haɗawa ba. Tsarin Debian, wanda Ian Murdock ya kafa a 1993, yakan raba ta gida biyu: ƙunshin da manhajoji ke aiki da shi, misali libicu72 a fitowar 2023, da libicu-dev na masu rubuta manhaja. Kowane ƙunshi na ɗauke da lambar fitowa da sunayen taskokin da ya dogara da su. Wato ke nan, gyara ɗaya da aka yi a tushe zai bi wannan hanya har ya isa kwamfutar mai shago a Arkilla, haka ma kuskure.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa haɗawa da ƙunshewa ayyuka ne na masana kwamfuta, amma tantance ƙa'idar harshe sai mai harshen. Tun da Unicode na karɓar gyara daga masu harsuna, ya kamata sassan koyar da Hausa, kamar na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, su tanadi jerin kalmomin gwaji. Babi na gaba zai kawo samfurin irin wannan jeri.