Zaren Kitso na Fatsa: Kada Lambar Jikin Kwali Ta Ruɗe Ka

Duk mai zuwa bakin ruwa da fatsa, ko a madatsar Warwade kusa da Dutse ko a gaɓar Kogin Haɗeja ta wajen Ringim, ya san zaren roba, wanda aka daɗe ana aiki da shi. Yanzu kuma wani ya shigo hannun matasa: siriri ne, mai launin kore ko rawaya, mai taushi kamar zaren ɗinki. Idan ka ƙura masa ido za ka ga silla huɗu ko takwas ne aka kitsa wuri guda. A jikin kwalinsa an rubuta 30LB ko 50LB, mai sayarwa kuma ya ce maka ko giwan ruwa ba zai tsinka shi ba. Akwai gaskiya a maganarsa, amma rabi ce.

Ana yin wannan zare da wata irin roba mai ƙarfin gaske, wadda ta yi suna da Dyneema daga ƙasar Holan da Spectra daga Amurka. In aka kwatanta shi da zaren roba mai kauri ɗaya, ya ninka shi ƙarfi. Ba ya shan ruwa, ba ya nutsewa da kansa, rana ba ta saurin cinye shi. Ba ya kuma miƙewa sai ɗan abin da ba a rasa ba, alhali zaren roba kan ƙara kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa kafin ya tsinke. Shi ya sa ko ƙarfasa ta ɗan taɓa tana sai ka ji a yatsanka.

Haruffan LB fam suke nufi, ma'aunin Turawa, kuma fam ɗaya bai kai rabin kilo ba. Wato 30LB kilo 13 ne da 'yan kai, 50LB kuma bai cika kilo 23 ba. Mutane da yawa suna ɗauka kilo aka rubuta, sun ninka wa kansu ƙarfin zaren tun kafin su bar kasuwa. Wasu kwalayen kuma za ka ga PE 2 ko PE 4. Wannan lissafin Japan ne, kauri yake nunawa, ba ƙarfi ba. Sannan ba kowace masana'anta ce ke rubuta gaskiya ba. Akwai zaren da ba a san wanda ya yi shi ba, an dai manna masa babbar lamba don ya shiga. Araha ba ta ado.

Amma mu ɗauka lambar gaskiya ce. Ƙarfin da aka auna na miƙaƙƙen zare ne wanda babu ƙulli a jikinsa, ana jansa a hankali. Kai kuwa ba ka isa ka jefa fatsa ba tare da ka ɗaura ƙugiya ba, kuma a nan ne asarar take. Duk inda zare ya lanƙwashe ya matse kansa, wasu sillolin ne ke ɗaukar nauyi su kaɗai, sauran suna hutawa. Ƙulli mai kyau yana rage ƙarfin zare kaɗan, mara kyau yana iya cinye rabi. Ko ɗan ƙullin nan da iska ke yi wa zare a tsakiya lokacin jifa, wanda ake rainawa a bar shi, ya isa ya jawo tsinkewa ranar da babbar tarwaɗa ta haɗiye ƙugiya.

Matsala ta biyu ita ce santsi. Zaren roba yana cizon kansa idan aka ƙulla, shi kuwa na kitso zamewa yake yi. Ƙullin da aka saba, wato a zura ta idon ƙugiya, a murɗa sau huɗu ko biyar, a maido da bakin, yana riƙewa a zaren roba amma a wannan sulalewa yake. Ga yadda za ka gane abin da ya faru bayan kifi ya tafi: duba bakin zaren. In ka gan shi a nannaɗe, ba tsinkewa ya yi ba, ƙullinka ne ya kwance. In ya yi buzu-buzu, wani abu ne ya goge shi. A duka biyun, sayen mai lamba mafi girma ba zai yi magani ba.

Ƙullin da ya fi dacewa da ƙugiya shi ne wanda ake kira Palomar, kuma ba shi da wuya. Ninka bakin zaren biyu kamar tsawon taƙi ɗaya. Zura ninkin ta idon ƙugiya. Yi ƙulli ɗaya sako-sako da zaren a ninke, ƙugiyar tana lilo a ciki. Sai ka buɗe bakin ninkin ka shigar da ƙugiyar gaba ɗaya ta cikinsa. Jiƙa wurin, ka ja a hankali har ya zauna, kana lura kada sillolin su hau kan juna. Kada ka yanke bakin da ya rage ƙut da ƙullin, bar masa ɗan tsawo ko da zai zame. In kuwa ka fi son ƙullin murɗi, to ninka zaren, ka kai murɗin takwas ko goma.

Kafin ka je ruwa, gwada a gida. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Rataye zaren a reshe mai ƙarfi, ka naɗa shi sau da yawa ba tare da ƙulli ba, ka ɗaura ɗaya bakin a hannun bokiti ko jarka da irin ƙullin da kake yi wa ƙugiya. Riƙa zuba ruwa lita-lita har ya saki. Yawan litar da ya ɗauka shi ne ƙarfin fatsarka na gaskiya. Bokitin ya kasance dab da ƙasa, ka kau da fuska, a kuma janye yara.

Rashin miƙewar nan da ake yabo yana da nasa sharrin. Zaren roba yana shanye fizgar kifi. A na kitso kuwa duk ƙarfin fizgar kan ƙulli da ƙugiya yake sauka, ko ya yage bakin kifin. Sannan da yake siriri ne, idan yana a ɗame ya gogi duwatsun da ake jerawa a jikin madatsa, nan take yake yankewa. Ƙayar ƙurungu mai zarto da haƙoran tsage ma haka. Masu dabara sukan haɗa masa guntun zaren roba mai kauri a gaba, kamar kamu biyu, shi ya ɗauki gogayyar. A cikin kacala da ciyawar ruwa ne zaren kitso yake nuna gwanintarsa, don yakan yanka ganye ya wuce. A ganina, mai mamari ba shi da abin yi da shi: ƙugiya ɗari a siririn zare mai santsi, in ta harɗe sai dai wuƙa.

Babban haɗarin yana ga jiki. Yawancin masu fatsa a nan ba su da na'urar naɗe zare, da hannu suke ja. Wannan zaren idan yana a jiƙe kuma a ɗame, yana yanka yatsa har ya kai nama, musamman a gaɓa, bayan ruwa ya tausasa fata. Kada ka taɓa naɗa shi a hannu ko a wuyan hannu, kada kuma a bar yaro ya ɗaura shi a yatsa yana jiran kifi. In ƙugiya ta maƙale, naɗa zaren a guntun sanda ka ja, kana kallon gefe, domin dalmar da ke jikin zaren na iya dawowa da gudu. Ba a datse shi da haƙori. Almakashi mai kaifi ko reza ake sa masa.

Zaren da ya harɗe kuma kada a watsar a bakin ruwa. Ba ya ruɓewa da wuri, yana harɗe ƙafar shanu da awaki a mashaya, yana kama agwagin ruwa da tsuntsayen da ke saukowa fadamun Haɗeja da Nguru daga Turai a lokacin hunturu. Dunƙule shi ka sa a aljihu, in ka isa gida ka daddatsa shi gajeru-gajeru kafin ka zubar.