Sansanin Um Rakuba da Batun Gyara Tallafin Ƙasashen Waje

A watan Nuwamba na 2020, yaƙin Tigray ya koro dubban 'yan Habasha zuwa jihar Gadarif ta Sudan, har aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba da ke kusa da garin Doka. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNHCR) da ƙungiyoyin agaji sun kawo tantuna da abinci da magani. Sai dai da daminar 2021 ta kankama, iska da ruwa suka yayyaga tantuna, ciwon hanta nau'in E kuma ya ɓarke saboda ƙarancin tsabtataccen ruwa.

Tun kafin wannan tangarɗa, domin inganta tasirin tallafin ƙasashen waje aka ƙulla Yarjejeniyar Faris a 2005: ƙasar da ake taimaka wa ita za ta tsara buƙatunta, masu bayarwa su haɗa kai, a riƙa auna sakamako. A taron ƙoli kan ayyukan jinƙai da aka yi a Istanbul a 2016 kuma, manyan masu ba da agaji suka yi alkawarin miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin agajin ga ƙungiyoyin gida kafin ƙarshen 2020, amma ba a cika ba.

Alhali kuwa manomin riɗi a Doka ya san yadda baƙar lakar yankin ke riƙe mota da damina. A riƙa neman shawarar irinsa kafin a kafa tanti ko guda.