Shekara 113 ana jira: labarin ɗan wasan takobi Alexander Choupenitch

Yau za mu ɗan ajiye ƙwallon ƙafa gefe, mu leƙa Jamhuriyar Cek da ke tsakiyar Turai, mu ji yadda saurayi ɗaya ya sa ƙasarsa ta waiwayi wasan da 'yan kallonsa ba su da yawa.

Sunansa Alexander Choupenitch. An haife shi a birnin Brno a 1994. Iyayensa 'yan asalin Belarus ne, kuma dukansu mawaƙan opera ne, wato irin wasan kwaikwayon dandamali da ake yi da waƙa. Za ka zaci ɗan gidan mawaƙa waƙa kawai zai gada, amma a danginsu akwai Tatyana Samusenko, wadda ta ci zinare sau 3 a wasan takobi na Olamfik ƙarƙashin tutar Tarayyar Sobiyet. Yana yaro ya kama takobi a Brno, daga baya ya riƙa horo a hannun Stefano Cerioni, ɗan Italiya wanda shi ma tsohon zakaran Olamfik ne.

To wai yaya wasan yake? Ba sara ba ne irin na fim. Nau'in da yake yi ana kiransa foil: siririn takobi mai lanƙwasa, da tsininsa kaɗai ake cin maki, kuma sai ka taɓa gangar jikin abokin karawa. Hannu, ƙafa da kai ba sa cikin lissafi. An haɗa takobin da rigar da wayar lantarki, da ka taɓa fitila ta kama. Filin tsawonsa mita 14 ne, wanda ya fara kai maki 15 shi ya ci.

Ranar 26 ga Yulin 2021, a gasar Olamfik ta Tokiyo, ya kai wasan kusa da ƙarshe, sai Cheung Ka Long na Hong Kong ya doke shi, wanda daga bisani ya ɗauki zinaren. A nan fa ake gane namiji. A ranar, ba a ba ka kwana ka huce ba, dole ka dawo neman na uku. Idan ka sake faɗuwa, ka koma gida hannu rabbana. Ya kara da Takahiro Shikine na Japan mai masaukin baƙi, ya cinye shi 15 da 8, ya ɗauki tagulla.

Wani zai ce, to tagulla ce fa kawai. Ka tsaya ka ji. Rabon 'yan Cek da lambar Olamfik a wasan takobi tun gasar Landan ta 1908, lokacin da Vilém Goppold ya ci tagulla da sunan Bohemiya, tun ƙasarsu ba ta sami 'yancin kai ba. Shekara 113 ke nan. Shi ya sa sunansa ya cika kafafen yaɗa labaran ƙasar, har waɗanda ba su san dokar wasan ba suka san shi.

Kuma abin bai tsaya kansa ba. A gasar Paris ta 2024, tawagar maza ta Cek a nau'in épée ta doke Faransa a gidanta, ta ci tagulla. Daga jiran shekara 113, sai ga lamba biyu cikin shekara 3.

Ku faɗa mana, wane wasa ne a garinku ake rainawa alhali akwai masu hazaƙa a cikinsa? Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.